Turmi da Taɓarya a Ajin Injiniya

A gidaje da yawa, ranar da yaro ya ce shi makanikal zai nema a jami'a, fuskar maigida ba ta yin sakin da take yi in an ambaci likita ko lauya. Sai ya gyara zama ya ce, "To, Allah ya taimaka. Amma shekara biyar cur don ka iya kwance mota? Ga gareji nan a bakin titi, tsaranka nawa suka shiga bara, bana har suna kawo cefane?" Tambaya ce mai ma'ana, kuma sau da yawa yaron ba shi da amsa, don shi ma iyakar abin da yake hange ke nan: sifana, baƙin mai da farar hular kwano.

A leƙa shagon tela, amsar tana can. Yara biyar na kan keke suna ta surfa ɗinki, amma in aka kawo shadda mai tsada mutum ɗaya ne ke ɗaukar almakashi. Shi zai auna, shi zai ja alli, shi ya san inda za a bar rara saboda wanki. In ya kuskure, babu gwanintar ɗinkin da za ta dawo da yadin. To, injiniya shi ne mai yankan nan, sai dai yadinsa ƙarfe ne, allinsa lissafi. Injin markaɗen ƙofar gidanku in ya tsaya bakanike ake kira, kuma kunnensa kaɗai ya isa ya gane boris ne ya tafi. Amma tun babu injin a duniya wani ya zauna ya yanke kaurin sandar da ke juya haƙoran, da faɗin gargaren da bel ke hawa, da ƙarfin da zai ja tattasai da wake bai shaƙe ba. Abin da tsohuwa ta sani a hannu, cewa wannan ya yi nauyi, wancan zai karye, wutar nan ta yi yawa, shi injiniya so ake ya faɗe shi da lamba, kuma tun kafin a sayo ƙarfen.

Girkin tun daga sakandare ake ɗora shi, a kan duwatsun murhu uku: lissafi, fiziks da kemistiri. Kowa ya san abin da ke samun tukunya in dutse ɗaya ya goce. Kiredit 5 ake nema a WAEC ko NECO ko NABTEB, ukun nan na ciki, da Turanci, da ƙarin darasi guda. Turancin shi ne itace. Ba a cin sa, amma ba shi ba girki, tunda da shi za a karanta tambayar. A nan iyaye ke yawan ruɗuwa. Yaro ya haɗa 'yar motar gwangwani da batir, unguwa ta ɗauka ana cewa wannan injiniya ne tun daga ciki, alhali a aji da an rubuta lissafi a allo kansa ke juyawa. Hannu baiwa ce, ba musu. Amma hannu babu lissafi a wannan fage ɗan kasuwa ne mai zaƙin baki da bai iya ba da canji ba. Wanda kuma aka "taimaka" wa a ɗakin jarrabawa ya fito da sakamakon da ba nasa ba, ya sani rance ya ci, kuma a aji biyu na jami'a mai bashi zai yi sallama.

Daga murhu sai tasha. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke yankar tikiti, kuma a 'yan shekarun nan kimanin mutum miliyan 2 ke bin layi duk shekara. A kwamfuta ake jarrabawar, darussa huɗu, maki 400 gaba ɗaya, kuma mai son makanikal ba shi da zaɓi: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri. Wanda ya sa bayoloji a gurbin kemistiri don ya fi masa sauƙi, tikitin Sakkwato ya yanka ya je ya tsaya a layin motar Maiduguri. Komai yawan makinsa kwandasta ba zai dube shi ba. Sannan tikiti ba kujera ba ne. Makin nan da ake shelantawa a rediyo a ce shi ne mafi ƙaranci, na shiga harabar tasha ne kawai. Motar makanikal kujerunta ƙidayayyu ne, fasinja kuwa sun ninka su, don haka sai jami'a ta sake tankaɗe da tata rariyar, wata da jarrabawa, wata da duba sakamako. A jami'o'in tarayya rabon kujerun ma da tsarinsa: kashi 45 cikin 100 na zaƙaƙurai ne ko daga ina suka fito, 35 na 'yan yankin da jami'ar take, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko. Ɗan Arewa kada ya ji haka ya miƙe ƙafa, 'yan yankin nan su ma dubbai ne. In sunanka ya fito a shafin CAPS na JAMB, ka danna ka karɓa. Duk wanda ya ce zai shigar da kai ta taga ba ta nan ba, ɗan kamashon bogi ne. Sai ka gama tafiyar lokacin bautar ƙasa ya zo, a ce sunanka ba ya cikin takardar fasinja.

Motocin akwai su. Ta Samaru ce uwa, wato Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962 ta gaji sashen injiniya daga tsohuwar kwalejin kimiyya da fasaha ta Zariya. Ga Bayero a Kano, ga Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci, ga ta fasaha a Minna, ga ta Maiduguri, ga ta Wudil. Kafin suna, a duba ko kwas ɗin na da amincewar hukumar jami'o'i ta NUC da majalisar injiniyoyi ta COREN, yadda ake duba takardun mota kafin a yaba fenti. Wanda motar farko ta bari kuma akwai ratse: difloma daga kwalejin fasaha irin ta Kaduna, ko IJMB da ita ABU ke shiryawa, a faɗa aji biyu kai tsaye. 'Yan difloman nan ma su ne suka fi sakewa a ɗakin aiki, don sun riga sun ƙona yatsa.

Shekarar farko ko noti ba ka gani. Za a zuba ku ɗaruruwa a babban zaure ana ta maimaita duwatsun murhun nan, sai dai yanzu da zafinsu. Yara da yawa nan suke shan iska, wai ai ba a fara ba tukuna. An fara. Makin jami'a kunu ne a ƙwarya ɗaya: duk abin da ka zuba tun zangon farko yana ciki har ranar fita, tare ake damawa. In ka tsuga ruwa da fari, gasarar da za ta dawo da kaurinsa ba kaɗan ba ce. A ma'aunin 5, mai 4.50 zuwa sama shi ke da digiri mai daraja ta ɗaya, mai 3.50 na biye da shi, kuma manyan kamfanoni da dama daga nan suke jan layi. Darasin da ka faɗi, kariyoba, shi kuma goyo ne, a bayanka za ka shiga da shi aji na gaba.

Lissafin da ya fi firgita mutane, kalkulas, manomi ya san kansa. Gonarka karkatacciya ce, rafi ya ci gefe guda, kana son sanin girmanta. Sai ka bi ta kunya-kunya, kowace siririya ce har ka iya ɗaukar ta a matsayin miƙaƙƙiya, ka auna, ka tara. Iya sirantar kunyoyin, iya kusantarka da gaskiya. Rabi ke nan. Ɗaya rabin tambayar ɗan acaɓa ce: ba minti nawa ya yi daga Sabon Gari zuwa Samaru ba, gudun me yake yi daidai lokacin da akuya ta gitta. Da biyun nan ake lissafa kusan duk abin da ke motsi, ko ɗumi, ko lanƙwasa.

Sai zane. Mai sayen ragon layya ba ya tsayawa wuri ɗaya: ya duba ta gaba, ya zagaya ta gefe, ya dafa gadon baya ya leƙo ta sama. Haka ake zana kowane guntun ƙarfe, fuska uku, yadda mai ferewa a Panteka da mai ferewa a ƙasar Sin za su fitar da abu iri ɗaya ba tare da sun taɓa ganin ka ba. Yanzu kwamfuta ta karɓi fensir, da su AutoCAD da SolidWorks, amma wanda idonsa bai iya zagaya rago ba, kwamfuta ba za ta zagaya masa ba. A nan ake koyon barin rara. Murfin tukunya in ya matse ba ya buɗuwa, in ya yi sako-sako tururi ya gudu. Tsakanin fistan da gidansa tazarar ba ta kai kaurin gashin kai ba, amma dole ta kasance, don ƙarfe in ya sha wuta kumbura yake yi. Motar da aka bari babu ruwa ko baƙin mai har aka ce inji ya buga, 'yar rarar nan ce ta ƙare.

Darasin nauyi da daidaito kuwa jaki ya riga kowa sauke shi. A ɗora masa mangala gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, ba zai yi taku goma ba ta zame. Ɗan garuwa mai sanda a kafaɗa ma haka: in garwa ɗaya ta ragu sai ya gusa da kafaɗarsa wajen mai nauyin, bai taɓa jin sunan Newton ba. Abin da ɗalibi ke yi da 'yan kibiyoyi a takarda ke nan, nauyi sau nisa a dama ya zo daidai da nauyi sau nisa a hagu, kuma da wannan ake tsayar da dogon injin da ke ɗaga kwantena a Apapa. Giya kuma canji ce irin ta 'yan Wapa: ka ba da gudu a ba ka ƙarfi, ka ba da ƙarfi a ba ka gudu, ba a haɗa maka biyun. Tirelar da ka gani a Hawan Kibo tana gurnani tana tafiyar hawainiya, gudunta ta canjar kaf. Dabba ma har yau ba ta fita daga lissafin ba. James Watt, mutumin Sikotland da ya inganta injin tururi ya yi wa dabararsa rajista a 1769, da ya zo talla sai ya ga masu saye ba abin da suka sani sai doki, don haka ya riƙa ce musu injin nan zai yi muku aikin doki kaza. Ma'aunin ya zauna daram, doki ɗaya wat 746 ne ko kusa da haka. Ɗan injin ban-ruwan da manomin fadama ke ɗaurewa a bayan babur, mai doki 5 ko 6, a takarda barga guda ce, ga shi ba ya neman harawa.

Maginan gargajiya sun san azara ba ta tsallake ɗaki mai faɗi ita kaɗai. In ta wuce 'yan taku sai ta yi ciki, damina ta ƙarasa ta. Shi ya sa suke jera ta hawa-hawa daga kusurwa, ko su ɗaura baka, har aka sami gini irin tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya tayar a ƙarni na 19. Akwai darasi guda a kan wannan kaɗai: nauyi nawa abu zai ɗauka kafin ya lanƙwashe, nawa kafin ya karye. In an sami amsar ma ba a tsayawa a kanta, sai a ninka biyu ko uku, don injiniya ya san mutanensa. Motar da aka rubuta wa tan 10, daga Dawanau da 15 za ta fito, ga yaran mota a sama. Abin da ya fi wannan ban tsoro shi ne ƙarfe na gajiya. In kana son tsinka waya ba ka da filaya, lanƙwasa ta kake gaba da baya har ta yi zafi ta rabu, alhali ja ɗaya ba zai yi mata komai ba. Ingila ta koyi wannan da tsada. Jirginta Comet, na farko mai injin jet da ya fara jigilar fasinja a 1952, guda biyu suka tarwatse a sama kusa da Italiya a 1954. Masu bincike suka tsoma gangar jirgi guda a katafaren tankin ruwa, suna hura ta suna sacewa kamar yadda hawa da sauka ke yi mata, har ta tsage daga wata kusurwa. Riga ma ai daga bakin aljihu take fara yagewa. Alhajin da ya lura tagar jirgi ba ta da kusurwa mai kaifi, dalilin ke nan.

In ka tambayi ɗalibai dodon kwas ɗin, yawanci tamodainamiks za su ce, ilimin zafi da aiki. Alhali a madafa aka haife shi. Tukunyar wake ta tafasa, murfi na rawa shi kaɗai: zafi ya zama motsi. Daga babur har tashar lantarki ta Egbin, wayon duka shi ne a kama rawar murfin nan a sa ta juya ƙafa. Injin mota turmi ne da taɓarya, sai dai a juye, abin da ke cikin turmin ne ke harba taɓaryar. Taku huɗu take yi, yadda Nikolaus Otto na Jamus ya tsara a 1876. Ta ja baya ta shaƙo iska da fetur. Ta dawo ta matse su. Filogi ya ƙyasta, su fashe su tunkuɗe ta. Ta sake dawowa ta kori hayaƙi ta salansa. Cikin huɗun nan ɗaya ne tak ke kawo abinci, sauran ukun ci suke, kamar gidan da mutum ɗaya ke fita nema. Don haka sai aka yi wa injin rumbu, wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke adana ƙarfin bugu guda ya riƙa ciyar da sauran har wani bugun ya zo. Aka kuma jera turame huɗu ko shida. Wanda ya taɓa ganin lugude a gidan biki ya gama ganin cikin injin mota: wannan na ɗagawa waccan na saukewa, sautin ba ya yankewa, ba mai jiran wata kuma ba mai riga wata. Ɗaya ta kuskure lokaci, taɓare su yi karo, duk unguwa ta ji. Abin da bakanike ke nufi ke nan in ya ce taimin ya goce. Injin dizal shi ko filogi ba ya so. Matse iskar yake har ta yi zafin da mai na shiga zai kama, kamar yadda famfon keke ke ɗumi a hannunka in kana ba taya iska.

Dokoki biyu ke riƙe da wannan fanni, duka kuma na kasuwa ne. Ta farko: ƙarfi ba a ƙirƙirar sa ba a hallaka shi, hannu yake canjawa, kamar kuɗin da in sun bar aljihunka suna aljihun wani. Ta biyu ita ce mai ciwo: duk cinikin da zafi zai zama aiki akwai dillali a tsakani, kuma la'adarsa ba tausayi. Ka sha fetur na naira 100, abin da ke isa taya da ƙyar ya kai na 30, sauran ya bi salansa da lagireto ya ɗumama gari. Injiniyoyi sun fi shekara 200 suna ciniki da dillalin nan, sun rage masa, amma ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda zai kore shi. Saboda haka duk ranar da ka ji an ce wani ya ƙera janareton da ba ya shan komai, yana ciyar da kansa da kansa har abada, ka taya shi murna, sannan ka nemi inda batirin yake.

Firij kuma randa ce da ta yi boko. Ruwan randa na sanyi ne don tana gumi, gumin in zai bi iska sai ya saci zafi ya tafi da shi. A firij da na'urar sanyaya ɗaki an kulle mai yin gumin ne a cikin bututu, ya ƙafe a ciki ya kwashi zafi, a matse shi a waje ya amayar, ya sake komawa. Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, bai ma je da nisa ba: tukunya ya sa cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan miyar da ke lalacewa cikin kwanaki suka riƙa kai makonni. A 2000 ya karɓi kyautar Rolex a kan haka.

Rijiya ma makaranta ce. Kowa ya ga ɗan bumburutu ya zuƙi tiyo fetur ya biyo. Ba bakinsa ne ya jawo man ba, wuri kawai ya buɗe, iskar duniya da ke danne da komai ita ta turo shi. Nauyin iskar nan kuwa yana da iyaka, ba ya tura ruwa sama fiye da kamar mita 10, a aikace ma 7 ko 8. Shi ya sa injin ban-ruwa ke aiki lafiya a fadama, amma a kafa shi a bakin rijiya mai gaba ashirin sai ya yi ta ihu a banza, kuma ƙara masa doki ba ya magani. Dole a zura famfon can cikin ruwan, irin sumon bohol, ya riƙa turowa daga ƙasa. Da ilimin gudanar ruwa da iska ake lissafa fankar ɗaki, da fiffiken jirgi, da bututun gas mai tsawon kilomita 614 da aka tsara daga Ajakuta zuwa Kano.

A aji huɗu ake tura ɗalibi masana'anta wata 6, a shirin SIWES da asusun ITF ya ƙirƙiro a 1973. Amarya ce da ta haddace littafin girki aka ce mata ga murhu, ga baƙi. Can zai tarar da dattijon da ko firamare bai gama ba, ya ɗora sukundireba a jikin inji ya kara kunne a ƙota ya faɗi inda ciwon yake, a kwance a ga haka ne. Mai wayo sai ya rusuna ya ce, "Baba, don Allah yaya aka yi kuka gane?" Marar wayo ya tsaya nesa da farar riga da littafi, wata shida ya ƙare bai ƙaru da komai ba sai sa hannu. Haka maƙeri: ya zuga ƙarfe ya yi jawur, ya tsoma a ruwa ya yi tauri, ya kuma san in ya wuce gona da iri gatarin zai fashe kamar kasko. Aji ne zai gaya maka ɗan gawayin da ke cikin ƙarfen, wanda bai kai kashi 2 cikin 100 ba, shi ke wannan aiki. Maƙerin na da yadda, kai kana da dalili, kuma kowannenku shi kaɗai rabin mutum ne. Wannan zaman na masana'anta ya zama dole ganin cewa a makarantu da dama injinan ɗakin aiki sun girmi malaman, wuta kuma sai an ga dama. Shekara biyar ɗin ma ta takarda ce: yajin aikin malaman jami'a ya ci kusan wata 9 a 2020, ya ci 8 a 2022.

Masu cewa kwas ɗin na maza ne kuma su sake ƙirga misalan nan, su ga nawa ne suka fito daga madafa da tsakar gida.

Digirin kansa sa-rana ce, ba ɗaurin aure ba. Bayan kammala karatu sai an tara shekara 4 ana aiki a ƙarƙashin manya, sannan COREN, majalisar da aka kafa a 1970, ta yi wa mutum rajista. A doka daga nan ne sunan Injiniya ya halatta a gaban sunansa, ko da yake a gari duk mai ɗaura dish ma haka ake kiran sa. Aikin fa? Kada a yaudari yaro. Masaƙun Kakuri sun yi shiru, kamfanin Peugeot na Kaduna da ya fara haɗa motoci a 1975 ba kamar da yake ba, Ajakuta har yau tukunya ce da aka ɗora ba a hura wuta ba. Amma ga siminti a Obajana da Sakkwato da Ashaka, ga matatar Dangote a Legas mai ganga 650,000 a rana, ga madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, ga kamfanonin casar shinkafa a Kano da Kebbi da Jigawa, kuma duk inda ƙarfe ke juyawa sai an nemi mai lissafa shi. Abin da ya fi ci min rai shi ne aikin kammalawa na aji biyar. Duk shekara ɗalibai na ƙera injin sussukar masara, da na ɓarar gyaɗa, da na busar da tumatir, a ba su maki, injin ya yi tsatsa a bayan sashe, alhali a Kadawa tumatir na ruɓewa a kwando. Wanda ya ɗauki nasa ya kai wa masu walda a Ƙofar Ruwa, suka zauna suka fitar da shi a kuɗin da manomi zai iya biya, ba zai yi yawo da fayil a ofisoshi ba.

Kai da ke ajin ƙarshe na sakandare kana da wannan buri, ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗauko tsofaffin tambayoyin lissafi da fiziks ka yi su da kanka, babu leƙen amsa; in kana jin daɗin kokawar, ko da tana kayar da kai, to ka nema. Hutun nan ka roƙi mai garejin unguwarku ya bar ka kana miƙa sifana. Ka sami inda za ka saba da amsa tambaya a kwamfuta. Sannan ka tabbata sunan da ke kan NIN ɗinka shi ne ke kan takardar WAEC ko NECO, harafi da harafi, kafin JAMB ta buɗe rajista.